Horon Malamai Kan Sha'anin Cin Zali a Makarantun Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne a duba wani gurbi da ya ke cikin horon da a ke yi wa malamai, watau yadda za a shirya malami ya gane cin zali tsakanin 'yan makaranta, ya tare shi tun bai auku ba, ya kuma san abin da zai yi in ya riga ya auku. An ɗauki ƙasar Yawuri ta zama misali, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da ƙauyukan da ke gaɓar Tafkin Kainji cikin Jihar Kebbi, gama wuri ne da yara masu harsuna dabam-dabam da asali dabam-dabam su ke zaune kan benci guda. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, cin zalin da ya fi wuyar magani shi ne wanda ya sa rigar al'ada, har malami ya gan shi da idonsa ya ɗauka wasa ne, ko horo ne, ko kuwa zaman yara ne kawai. Saboda haka aikin farko na kwalejin horon malamai a wannan fanni shi ne ta buɗe idon malami, sauran dabaru duk daga baya su ke biyowa.

Mene Ne Cin Zali?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba a wannan sha'ani. Akwai faɗa, akwai tsokana, akwai ba'a da barkwanci, akwai gori da zunɗe da habaici, akwai horo, sa'an nan akwai cin zali. Ko wane Bahaushe ya san ba abu ɗaya ba ne, amma kaɗan ne za su iya faɗin inda iyakar ɗaya ta tsaya ta ɗayan ta fara. Malami kuwa dole ya iya, domin a kan wannan iyaka zai yanke hukunci ko wace rana.

Wanda ya fara binciken al'amarin bisa ƙa'ida shi ne Dan Olweus, mutumin Suwidin, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe. Littafinsa na farko kan wannan magana ya fito da harshen Suwidin a 1973, aka buga shi da Turanci a 1978. Ya kafa alamu uku waɗanda har yanzu masana su ke aiki da su. Ta ɗaya, da gangan a ke yin cutar. Ta biyu, ana maimaita ta, yau da gobe da jibi, kan yaro guda. Ta uku, akwai fin ƙarfi, watau wanda a ke cutar ba shi da ikon ramawa ko kare kansa.

Alama ta uku ita ce ginshiƙi. Yara biyu sa'o'in juna in sun kama kokawa a kan ƙwallo, faɗa suka yi, a raba su a sulhunta. Amma in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi har ƙaramin ya san ba shi da mafita, to, an shiga abin da Hausawa ke kira zaman kashin dankali, na sama ya danne na ƙasa. Ya kamata a lura fin ƙarfi ba na damtse kaɗai ba ne. Akwai fin shekaru, akwai fin yawa, akwai fin dukiyar iyaye, akwai fin iya magana. Yaron da ya iya sarrafa harshen da aji ke ji ya fi ƙarfin wanda har yanzu ya ke lalube a cikinsa, ko da na biyun ya fi shi tsawo da kauri. Wannan nau'i na ƙarshe shi ya kai mu ga ƙasar Yawuri.

Ƙasar Yawuri da Yaranta

Masarautar Yawuri tana bakin Kogin Kwara, hedkwatarta Yelwa tun 1888, lokacin da Sarki Abarshi ya mai da gadon sarauta can. Mutanenta iri-iri ne. Akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, mazauna tsibiran kogi tun asali, sunan da Hausawa suka ba su ma daga kalmar gungu ya fito. Akwai Kambari, musamman wajen Ngaski, da Shangawa, da Dukawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Fulani, da Hausawa. Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya yi nazarin tarihin sarautar Yawuri ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan a littafinsa na 1978 ya bayyana yadda harshen Hausa da al'adunta suka bazu cikin Afirka ta Yamma. Wani Ba'amurke kuma, Frank Salamone, ya zauna a Yawuri, ya buga maƙala a 1975 kan yadda Gungawa su ke rikiɗa su zama Hausawa, ya nuna cewa barin harshen gida da ɗaukar Hausa ya zama hanyar samun matsayi a masarautar. Harshen Shanga, wanda ɗan'uwan harshen Busa ne, ya ja baya ƙwarai a gaban Hausa bisa wannan tafarki.

Ginin madatsar ruwa ta Kainji, daga 1964 zuwa 1968, ya ƙara wa al'amarin sauri. Da tafkin ya cika, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Mutanen da a da ruwa ya keɓe su da harshensu suka koma tudu, kusa da hanya da kasuwa da makaranta. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, 'ya'yansu suka shiga aji tare da 'ya'yan gari. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko da harshen da jama'ar wurin ke amfani da shi, a wannan yanki kuwa Hausa ce ta hau wannan matsayi.

Ba a kawo wannan tarihi don a ce yaran Yawuri sun fi na wasu wurare mugunta ba. An kawo shi ne don malami ya san inda gangare ya ke, gama ruwa gangare ya ke bi. Duk inda manya suka ɗaukaka wani harshe bisa wani, yara za su ji, kuma za su yi aiki da abin da suka ji ba tare da kunyar da manya ke da ita ba. A ce yaro ya fito daga ƙauyen masunta, a gida ba Hausa a ke yi ba. Ya shiga makaranta a makare, ya girmi 'yan ajinsu. Lokacin da kifi ya yi yawa a kan ɗauke shi ya taya aiki, ya dawo an wuce shi. In ya buɗe baki ya karya Hausa, aji ya bushe da dariya. Aka sa masa laƙabi da ƙarnin kifi ko da tsagen fuskarsa, laƙabin ya bi shi har filin wasa. Ba wanda ya taɓa jikinsa, saboda haka ba abin da zai nuna wa malami. Wata rana sai a nemi yaron a rasa, a rubuta a rajista cewa iyayensa ba su son boko. Hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 an ɗora mata kula da 'ya'yan masunta masu ƙaura su ma, amma kai yaro makaranta abu ne guda, sa shi ya zauna cikinta da kwanciyar rai wani abu ne dabam.

Har wa yau akwai yaran da masifa ta bar wa tabo. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka, aka bar marayu. Ranar 17 ga Yuni na wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka tafi da ɗalibai da wasu malamai, sauran 'yan matan ba su kuɓuta ba sai a 2023. Yaron da ya dawo daga irin wannan hali, ko wanda rashin tsaro ya kori iyayensa daga ƙauyensu, in ya koma aji abin da ya fi tsoro shi ne bakin 'yan'uwansa. Kalma guda ta gori ta isa ta fitar da shi daga makaranta har abada.

Riguna Uku da Cin Zali Ke Sawa

Me ya sa malami mai hankali da tausayi ya kan ga abin nan ya wuce? Domin cin zali ya kan zo masa da sutura wadda ya saba girmamawa. Ga uku daga ciki.

Ta farko ita ce rigar girma. A gidan Bahaushe wa yana aiken ƙane, ba mai ganin aibu. Amma babban wa magajin uba ne, wanda ya aike ka shi zai tare maka faɗa, shi zai rage maka tuwo. A makarantun kwana kuwa wannan al'ada ta haɗu da wata baƙuwa. Turawan da suka kafa Kwalejin Katsina a 1921, da makarantun Midil daga baya, sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila, inda a ke ba manyan ɗalibai ikon hukunta ƙanana, ƙanana kuma su yi musu hidima. Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, shi ya fi shahara da ƙarfafa wannan tsari, kuma littafin Thomas Hughes na 1857 game da rayuwar ɗalibi a wannan makaranta ya nuna irin zaluncin da ke ɓuya a ƙarƙashinsa. Su kansu mutanen Ingila sun bar al'adar hidimar nan a makarantunsu. A wurinmu abin da ya rage shi ne siniya da juniya, ikon wa ba tare da nauyin wa ba. Ƙaramin yaro ya ɗebo ruwa, ya yi wanki, a karɓe masa garin kwaki da sukarin da uwarsa ta ƙulla masa, a ce masa shi ma wata rana zai zama siniya. Malamin da shi ma ya biyo ta wannan hanya sai ya ga ai haka makaranta ta gada.

Ta biyu ita ce rigar wasa. Muna da wasan barkwanci tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin ƙabilu, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa. Wasa ne mai amfani, yana kashe gaba. Amma yana da sharaɗi: kowa na da ikon ramawa, kowa ya san iyaka, in an tashi kuma ba wanda ya ragu. Ba'ar da yara talatin ke yi wa yaro guda saboda harshensa ko addinin iyayensa ba ta cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Kada kuma dariyar yaron ta ruɗi malami, gama Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa.

Ta uku ita ce rigar haƙuri. Mun tashi da jin cewa mahaƙurci mawadaci ne, namiji ba ya kuka, mai kai ƙara kuma ɗan tsegumi ne. Yaro ya daure ya zo wurin malami, malami ya ce, "Yi haƙuri, je ka zauna." A ganin malami ya kashe magana. A ganin yaro an gaya masa ne ba shi da mai ceto, a ganin mai cin zalin kuma an ba shi izini. Haƙuri halin kirki ne ga abin da ba shi da magani. Cin zali kuwa yana da magani, maganin ma a hannun malamin ya ke.

Abin da Aka Gano a Wasu Ƙasashe

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 inda ta nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, watau kashi 32 cikin 100, ya ce an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci tambayar. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai wajen kashi 48. Dalilin da yara suka fi ambata shi ne kamannin jiki, sai kuma asali ko launi.

A ƙarshen 1982 jaridun Norwe suka ba da labarin yara maza uku, 'yan shekara 10 zuwa 14, waɗanda suka kashe kansu, a bisa dukkan alamu saboda tsananin cin zali. Ƙasar ta girgiza, gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da abin a dukan makarantu a 1983. Olweus ya bi sawun ɗalibai wajen 2,500 a makarantu 42 na Bergen, ya tarar cikin kimanin shekara biyu cin zali ya ragu da wajen rabi. Ba ko'ina aka sami irin wannan nasara ba. A 2011 Maria Ttofi da David Farrington suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 44 daga ƙasashe dabam-dabam, suka ga matsakaicin ragin yana tsakanin kashi 20 da 23 cikin 100. Abin lura a nan shi ne abubuwan da suka tarar suna tare da nasara: horon malamai, da sa ido sosai a filin wasa, da doka bayyananniya wadda a ke zartarwa, da zama da iyaye, da kuma daɗewar shirin. Ba ɗaya daga cikinsu da ke bukatar kuɗi mai yawa.

Wani darasin daga Kanada da Finlan ya fito. Wendy Craig da Debra Pepler sun ɗauki hoton yara a filayen wasa na Toronto, suka ga a fiye da kashi 80 cikin 100 na lokutan da aka ci zalin wani akwai wasu yara a wurin suna kallo. In ɗaya daga cikin masu kallon ya tsoma baki, fiye da rabin lokutan abin ya kan tsaya cikin daƙiƙa 10. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku kuwa ta nuna a 1996 cewa kusan kowa a aji yana da rawar da ya ke takawa: ga mai cin zalin, ga mataimakansa, ga 'yan zuga masu dariya, ga 'yan ba-ruwanmu, ga kuma 'yan kaɗan masu kāre wanda a ke cuta. A kan wannan aka gina shirin KiVa, wanda ya bazu a makarantun Finlan daga 2009. Hausawa sun riga sun taƙaita maganar da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mai cin zali 'yan kallo ya ke nema, ran da dariya ta ƙare kasuwarsa ta watse.

Abin da Ya Kamata a Koya wa Malami

Ba za a kwaso shirin Norwe ko na Finlan a dasa a Shanga yadda ya ke ba. Ajin da ke da yara masu yawan gaske da malami guda ba daidai ya ke da nasu ba. Amma tushen yana ɗaukuwa, ga kuma yadda a ke ganin za a tsara shi.

Na farko, rarrabewa. Kada a tsaya ga ba ɗalibin malanta ma'ana ya haddace. A riƙa kawo masa labarai gajeru daga irin makarantun da zai koyar, ya faɗi wanne ne faɗa, wanne ne wasa, wanne ne cin zali, ya kuma kawo hujja. Tambayoyi uku za su yi masa jagora: Wa ya fi ƙarfi? Sau nawa abin ya faru? Wanda a ke yi wa zai iya cewa a bari, a bari?

Na biyu, sanin wuri. Cin zali ba ya son idon babba. Lokacin koyon aiki a makarantu, a sa ko wane ɗalibin malanta ya zana taswirar makarantar da aka tura shi, ya tambayi yara su nuna masa inda ba su son zuwa su kaɗai. Zai tarar da bayan gida, da bakin rijiya ko famfo, da layin abinci, da ɗakin kwana bayan an kashe fitila, da hanyar komawa gida, a ƙauyukan gaɓa kuma har da mashigar kwalekwale. Daga taswirar nan a ke tsara wanda zai tsaya a ina lokacin hutun tara. A manyan makarantu wayar hannu ta ƙara wani wuri da ba ya cikin taswira, inda a ke yaɗa hoton yaro ko muryarsa a WhatsApp don a yi masa dariya, wannan ma a tambaya.

Na uku, sanin alamu. Yaron da a ke cuta ba safai ya kan faɗa ba, gama yana tsoron a ƙara masa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Fashi ba dalili, ciwon ciki ko wace safiya, littafi a yage, kuɗin tara da ke ɓacewa kullum, yaron da ya daina ɗaga hannu, wanda ya ke maƙale kusa da ofishin malamai lokacin wasa, duk magana ce ga mai ido. Rajistar kiran suna ita ce shaida ta farko, in an karanta ta da hankali.

Na huɗu, tambaya a asirce. Olweus da takardar tambaya wadda yaro ba ya sa sunansa ya fara, domin ta nan ne kaɗai a ke jin abin da ba a faɗi a fili. Ko wace makaranta tana iya yin wannan sau ɗaya a shekara, da Hausa mai sauƙi. Yaran da Hausarsu ba ta nuna ba a samo wanda ya ji harshensu ya tambaye su da baki, gama su ne aka fi bukatar jin ta bakinsu.

Na biyar, jawo 'yan kallo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Malami ya zauna da ajinsa su kafa dokoki kaɗan da bakinsu, a rubuta a bango, a riƙa komawa kansu ko wane mako. A koya wa yara bambancin tsegumi da ceto: mai tsegumi yana son ya jefa wani cikin wahala, mai ceto yana son ya fitar da wani daga cikinta. A kuma ba harsunan gida daraja a fili. Yaron da ya san sunayen kifaye da halin ruwa da harshen Reshe, in aka sa shi ya koya wa aji, ya tashi daga abin dariya ya koma mai abin bayarwa.

Na shida, shugabannin ɗalibai. Monita da sauran masu muƙami a zaɓe su bisa hali, a gaya musu iyakar ikonsu a gaban kowa, a hana su duka da karɓar kaya da sa ƙanana hidimar kansu. A mai da musu da nauyin wa: ko wane babba a ba shi ƙanana ya kula da su, a tambaye shi lafiyarsu.

Na bakwai, wanda ya fi duka wuya, shi ne bakin malamin kansa. Laƙabi da yawa daga allo su ke farawa. Malamin da ya kwaikwayi karyayyar Hausar yaro don aji ya yi dariya, ko ya kira shi daƙiƙi ko baƙauye, ya riga ya nuna wa sauran wanda za su jefa. Kwaleji ta sa wannan cikin abin da mai duba koyon aiki zai lura da shi ya ba da maki, daidai da yadda ya ke duba tsarin darasi.

In Abu Ya Riga Ya Auku

Ya kamata malami ya fito daga kwaleji da matakai a kansa, waɗanda ya gwada da bakinsa a gaban 'yan'uwansa kafin ya tsaya gaban yara. Ya tsai da abin nan take, ba tare da dogon bincike a gaban taro ba. Ya keɓe da wanda aka cuta, ya saurare shi, ya gaya masa ba laifinsa ba ne, ya kuma sanar da shi abin da zai yi kafin ya yi. Ya ga masu laifin ɗaya-ɗaya, kada ya tara su, domin a tare su kan ƙulla magana guda. Ya tsawata wa aikin ba tare da wulaƙanta yaron ba, ya sa a biya abin da aka ƙwace ko aka ɓata. Ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru cikin littafi na musamman a ofishin babban malami. Ya sanar da iyayen ɓangarorin biyu. Bayan mako ɗaya ko biyu ya sake kiran yaron ya ji ko an daina, gama a nan ne yawancin malamai ke sakin hannu.

Akwai kurakurai biyu da za a gargaɗe shi a kansu. Ɗaya shi ne sulhun dole, a ce su gaisa su yafe wa juna, alhali ɗaya ne ya yi laifi. Sulhu na sa'o'i ne. Ɗayan shi ne bulala a gaban taro. Tana iya kwantar da abin na kwana biyu, amma darasin da ta ke koyarwa shi ne mai ƙarfi ke dukan marar ƙarfi, wanda shi ne ainihin karatun da a ke son yaron ya manta, sa'an nan fansarta a kan wanda ya kai ƙara ta ke sauka. In kuwa abin ya kai ga rauni mai tsanani, ko makami, ko lalata, to, ya wuce hurumin malamin aji, sai babban malami da iyaye da hukuma.

Makaranta kuma ba za ta iya ita kaɗai ba. Ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta, da hakimai da dagatai da limamai, a ƙauyukan masunta kuma da sarakunan ruwa, duk suna da bakin da yaro ke ji. Yawuri ba baƙuwar wannan haɗin kai ba ce, gama Sarki Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, malamin makaranta ne kafin ya hau gado.

Inda Za a Sa Wannan Horo

Hanyoyin suna nan a buɗe. Hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da a ke koyarwa don samun takardar NCE, kuma cikin tsarin akwai darussan halayyar yara, da shawara da jagoranci, da koyon aiki, waɗanda duk za su ɗauki abin da aka lissafa a sama ba tare da an ƙirƙiro sabon fanni ba. Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu tana da damar gwada wannan ga malaman Jihar Kebbi. Ga waɗanda suka riga suka kama aiki kuwa akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 musamman don horon malamai suna bakin aiki. Gwamnatin Tarayya ma ta fitar da manufa a 2021 kan tsaron makarantu da kawar da tashin hankali a cikinsu. Sai dai takardar manufa ba ta tsayawa bakin rijiya lokacin hutun tara, malami ke tsayawa.

Sassan nazarin Hausa su ma suna da nasu rabo. Su ne za su iya tattara kalmomin gori da laƙabi da ke yawo a bakin yara, su bayyana ƙa'idojin da suka raba barkwanci da cin mutunci, su shirya takardar tambaya da gajerun labaran horo da Hausar da malamin ƙauye zai karanta ya gane. Nauyin ya ƙaru a kanmu ne domin a ƙasar Yawuri harshenmu shi ne mai ƙarfi. Yaron da ya taso daga Gungawa ko Kambari ko Shangawa zai koyi Hausa ko ta halin ƙaƙa, abin da ya rage shi ne ko zai koye ta a matsayin harshen da ya karɓe shi, ko kuwa wanda aka yi masa dariya da shi. Malamin da ke gaban allo shi zai yanke wannan, kuma abin da kwaleji ta koya masa shi zai yi.